Tuta ta Bakwai

Ina da shekara tara Baba ya tafi da ni gasar ƙungiyarsu, masu neman tutoci da taswira da kamfas a duwatsun bayan Kudai. Dokarsu, ba a buɗe tukunyar shinkafa sai na ƙarshe ya dawo. Ba a taɓa jiran Baba ba.

Bayan la'asar muka tsaya a gindin wani dutse. Ya kawo taswirar dab da hancinsa, ya nisanta ta, sai ya miƙo min.

"Duba min tuta ta bakwai, ya binti, 'yata. Ƙura ce ta faɗa min a ido."

Ko iska babu ranar. Tutar kuwa ga ta nan, taku goma a gabanmu. Na yi ta juya takardar kamar ina nema, don kada ya san na gane idonsa ya fara rauni.

Mu muka dawo ƙarshe, shinkafa ta huce. Ammi Sale, wato Baffa Sale, abokinsa, ya ce, "Yalla, mu ci, bismillah," bai tambayi komai ba.

Baba bai sake zuwa gasar ba. Kamfas ɗinsa yana jakata har yau. Da na sani, da na ƙara daɗewa ina neman tutar nan.