Ƙafar Bohumil

Bohumil ya sake buga ƙafa, Ludmila ta sauke gogenta.

Shekara talatin su huɗu suna kiɗa tare a birnin Brno, ƙananan goge uku da babban goge na Bohumil, Ludmila ce jagora. A irin kiɗansu ba ganga, ba mai kaɗa sanda; da kunne da numfashi ake bin juna. Wanda ya koma ƙirga kiɗa da ƙafa kuwa, kowa ya san kunnensa ya fara tafiya.

Abin ya fi muni a inda kiɗan ke yin laushi. Nan ne za ta ji katakon ɗaki yana motsi a ƙarƙashin takalminta, ɗaya, biyu, uku. Kunya ta ishe ta. Saura mako uku babban wasansu na bazara, ga wata jarida ta rubuta cewa ɗaya daga cikinsu ya fara ɓatan hanya.

"Tsoho, gidan rawa ka ɗauki nan?" ta ce. "Ka je likita ya duba maka kunne."

Bohumil ya yi wata magana ƙasa-ƙasa. Duk sun koyi wannan ɗabi'a kwanan nan, magana a ciki kamar masu ciwon haƙori. Sauran biyun, Zdenka da Radim, suka dubi juna. Radim ya tashi ya sauke butar shayi tun ba ta yi fito ba.

Ranar Litinin Ludmila ta sallami Bohumil. Abin ya yi mata ciwo, don shi ya tsaya mata lokacin da mijinta ya rasu, amma ba za ta bari sunansu ya zube a gaban jama'a ba. Bai yi musu ba. Ya sumbaci hannunta, ya saɓa gogensa, ya sauka matakala a hankali.

Wanda aka ɗauko a madadinsa gwani ne, ƙafarsa ko motsi. Suka fara lafiya lau. Da aka iso wurin laushin nan, Ludmila ta ga hannaye uku suna ta kai da komo, ɗakin kuma tsit. Ta jira katako ya motsa, bai motsa ba. Ta shigo a inda bai kamata ba, kiɗan ya watse.

"Wannan wane irin wasa ne?" ta ce. "Me ya sa kuka yi shiru?"

Zdenka ta jawo kujera daidai fuskarta, ta kama hannunta, ta yi magana tana buɗe baki sosai.

"Ba mu yi shiru ba, 'yar'uwa. Kunnen Bohumil lafiyarsa lau. Shekara biyu ke nan, ke yake buga wa ƙafar."