Ruwan Tankin Fenelus

Fenelus ya leƙa ta kafar ƙofa, ya ja tsaki. Ga maƙwabta nan kuma, da adduna da igiya.

Tun da guguwa ta ɗaiɗaita garin Jeremi da ke bakin teku, unguwar ta koma cin tukunya ɗaya, wannan ya kawo ayaba, wancan gawayi. Shi kuwa yana da abin da ya fi ayaba: tankin siminti cike da ruwa a bayan gida. Ya garƙama wa famfon kwaɗo. Su je can majami'a su yi ta layi ana raba musu kofi-kofi. Ruwan nasa ya ɗan canza ɗanɗano, amma ya ce gishirin teku ne, ba ya kisa.

"Baba Fenelus, buɗe mana," in ji Odilia mai soya kifi. "Itacen da ya faɗo bayan gidanka za mu sare maka."

"Itace ko ruwa? Na san halinku. Ko ɗigo!"

"Riƙe abinka, tsoho. Wa ya roƙe ka?"

Ya buɗe, ya tsaya gadin famfo, har da cika kofi yana kurɓa a hankali don su gani.

Da aka janye itacen, ashe ya fasa murfin tankin. Ƙudaje suka tashi buu. Odilia ta leƙa, ta toshe hanci, ta ƙwala wa mijinta kira:

"Wilner! Daina cigiya. Ga aladenmu nan ciki, har ya kumbura."