Cikin Sadiya na Huɗu

Shatu ce ke riƙe da jaka, Sadiya na gaba tana takawa a hankali, hannu a ƙugu. Daga Dakusa suka taso, suka shiga matanite, asibitin haihuwa, a Damagaram.

Ciki na huɗu ke nan. Ukun farko duk a wata bakwai suka zo, ba wanda ya kai ranar suna. Kowanne Shatu ce ta wanke, ta naɗe, ta miƙa wa maza, idonta a bushe. Rabi, uwar Sadiya, ta rasu da daɗewa. Ƙanwar Rabi, Shatu, ita ce ta rage, wadda ta yi aure a Takieta ta dawo ba goyo. Mutane na cewa ba ta da fara'a. Amma tun da cikin nan ya shiga, ko guga ba ta bari Sadiya ta ja.

Sajifam, ungozomar asibitin, ta duba Sadiya.

"Bakin mahaifarki ne ba ya riƙewa. Da ciki ya yi nauyi sai ya buɗe. Ana ɗinke shi, amma sai kin kwanta a nan. A danginku akwai mai haihuwar bakwaini? Wani lokaci a jini yake."

"Babu, madam. Uwata takwas ta haifa, kowa ya cika watanninsa. Nawa iska ce, kowa ya sani. Inna Shatu, tashi mu koma, turare za a yi mini."

Sadiya ta sauko daga gado, ta gyara zani, ta sunkuya da ƙyar tana laluben takalminta a ƙasa.

Shatu ba ta tashi ba. Akwai maganar da tsofaffi suka rantsar da ita kada ta faɗa, wai ranar da ta fito, mutuwa za ta ji. Ta dubi cikin nan, ta dubi ƙofa.

"Madam, a jini yake," in ji ta. "Huɗu na binne a Takieta. Ta biyar da ta zo da numfashi, ba a bari na ba ta nono ba. Ta kan katanga aka fitar da ita, aka kai ta wani gida, don mutuwa ta ɓata hanya."

Sajifam ta ce, "Ayya, Inna. Ta rayu kuwa?"

Shatu ta share fuska da bakin mayafi.

"Ga ta nan tana neman takalmi."