Maƙerin da Aka Ɗinke wa Jijiyar Hannu

Tunda ka ce jinyar nan ta ishe ka, ɗan'uwa, gyara zama ka ji misali.

Wani maƙeri ne ya faɗo daga kan babur, ya dafa ƙasa da hannun dama. Mai ɗori ya lalluba ya ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne. Kumburi ya saɓe, amma hannu bai koma daidai ba. In ya ɗaga guduma sai wuyan hannun ya yi ƙas, ya goce, gudumar ta suɓuce. Ran da ta faɗo gab da ƙafar wani manomi da ya kawo gyaran garma, ya rufe maƙera ya tafi asibiti. Aka ɗauki hoto, likita ya nuna masa cewa jijiyar da ke riƙe da ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu ce ta tsinke, shi ya sa suke zamewa. Aka yi masa tiyata, aka ɗinke jijiyar, aka kafe ƙasusuwan da siririyar waya, aka naɗe hannun da filasta. Likita ya ce, "Baba, namu ya ƙare, saura naka. Wata biyu ko buta kada ka ɗauka."

Ga damina ta kawo kai. Yana zaune a ƙofar gida yana kallon manoman da suka shekara ashirin suna zuwa wurinsa suna wucewa da fartanyoyinsu maƙerar wani. Sau biyu yana ɗauko wuƙa zai yanke filastar, matarsa tana karɓewa. Da aka kwance, hannun ya fito siriri, ya sandare kamar icce, har ya yi ƙwalla. Aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ƙaton da ke lanƙwasa ƙarfe ya koma murna don ya ɗaga kofin ruwa bai zubar ba. Daga kofi sai buta, daga buta sai ƙaramar guduma. Sai da aka fara yankan gero sannan ya hura wuta. Lauje ya fara ƙerawa, kuma tun daga dukan farko har na ƙarshe hannun bai goce ba. Kafin a gama girbi, masu jiran aiki sun cika masa rumfa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.