Tsakuwa a Garau-garau

Ke da kike cewa ba za ki koma asibiti ba don an ɗiga miki magani kin wuni kina gani dishi-dishi, gyara zama ki ji. An yi wata mata mai sayar da garau-garau a bakin tasha, kuma abu ɗaya ta yi suna da shi: ba a taɓa tauna tsakuwa a shinkafarta ba. Direbobi kan ci abincinta ido rufe. To, ciwon suga ya daɗe a jikinta, sannu a hankali ya gangaro wa ido. In tana tsinta sai ta ga kamar yanar gizo-gizo na yawo a kan faifai. Ta ɓoye. Ta ce hayaƙin murhu ne, ta ƙara rambaɗa kwalli, duk wanda ya dube ta sai ya ga ido fari tas. Ana nan, wani tsohon direba da ya fi kowa yabonta ya tauna dutse, haƙorinsa ya ɓare. Bai yi faɗa ba. Ya tofo dutsen a tafin hannu, ya ajiye mata a gefen tire, ya koma cin abinci a rumfar gaba. Wannan shirun ne ya kai ta wurin likitan ido, ba ciwon ba.

Likita ya haska mata fitila, sai ɗan baƙin ramin nan na tsakiyar ido ya tsuke kamar bakin jaka an ja zariya. Haka Allah ya yi shi, akwai siririn nama da ya kewaye shi, da haske ya yi yawa sai ya ɗaure. Ciwon kuwa yana can bangon baya na idon, inda ƙananan jijiyoyin jini suke. Wa ke ganin ƙuryar ɗaki ta kafar makulli? Sai aka ɗiga mata magani, ya yi raɗaɗi kamar ruwan sabulu, aka ce ta jira a benci. Aikin maganin shi ne ya sa naman nan ya saki zariyar, amma ba shi kaɗai yake saki ba, har da wanda ke daidaita ganin kusa. Ta dubi tafin hannunta, zanen ya ɓace. Ta dubi taga, haske ya soke ta. Ta ce a ranta, na zo da rabin ido, ga shi sun ƙarasa ni. Ta suri mayafi har ta kai ƙofa, a nan ta tuna dutsen nan na gefen tire. In ta tafi, ina za ta? Gida, ta ci gaba da ɗora wa hayaƙi laifi har ranar da za a ja mata sanda? Ta rufe fuska da mayafin, ta dawo da laluben bango ta zauna. Da aka kira ta, ƙofar idon ta buɗe wangame, duk ƙarfin fitila ba ta tsuke ba. Likita ya leƙa, ya ga jijiyoyin da suka fara yoyo. Ya ce, "Iya, kin zo a kan gaɓa. Tun yaushe kike ganin yanar?" Ta faɗa masa komai, har zancen kwallin. Aka sa mata rana aka toshe yoyon da wani irin haske, aka ja mata kunne a kan suga.

Maganin ɗigawar kuwa, kafin gari ya waye ya sake ta, zariya ta koma bakin aikinta. Da idon ya murmure ta zauna da faifai, tsakuwa ko ta kai ƙanƙantar gero ba ta tsere mata ba. Ta dafa, ta cika kwano, ta tsallaka rumfar gaba da kanta ta dire a gaban direban, da dutsensa a kan murfi. Ta ce, "Ci, Malam. In ka sami ƙanensa a ciki, zo ka fasa tukunyata." Ya rufe ido ya cinye tas, ya lashe cokali, ya ɗauki butarsa ya biyo ta rumfarta.

Don haka tashi ki ɗauki mayafinki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.