Yatsan da Likita Ke Jira

Kwana tara ke nan takardar amincewa da tiyata na kwance a teburin Malam Kashim, malamin asibiti a Azare, ba wanda ya dangwala mata yatsa.

Jalo, saurayi makiyayi daga wajen Gamawa, yana kwance a gadon ƙarshe da kumburi a gwiwa kamar tulu. An yi ƙaho, an yi sakiya, abin sai ƙaruwa yake. Baturen likita ya duba ya ce sarkoma ce, sai an kai shi Kano an yanke ƙafar. Amma bai cika shekara sha takwas ba, dole uwa ko uba su yarda.

Uban ya rasu. In Kashim ya tambayi Jalo ina uwarsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce ba ta da nisa. Kashim ya aika Gamawa, ya aika Disina, ya yi cigiya ranar kasuwa, shiru. Takaici ya ishe shi.

Ga kuma wata mai nono da ta kafa zama a gindin tsamiyar asibitin. Kullum sai ta ajiye ƙwarya a ƙofar ɗakin marasa lafiya, ba ta ko leƙawa ciki. Kullum kuma sai ta tare Kashim da tambaya ɗaya: wai mene ne sunan ciwon wancan na gadon ƙarshe? Shi kuwa sai ya ja tsaki ya wuce, don ba shi da lokacin 'yan jin ƙwaƙwaf.

Ranar da motar Kano za ta tashi, ta sake tare shi. Haƙurinsa ya ƙare.

"Inna, sarkoma sunansa. Ciwon daji ne mai cin tsoka da ƙashi da duk abin da ya ɗaure jiki. In ba a yanke ba, yaron nan ba zai ga damina ba. Uwarsa kawai muke nema ta sa yatsa, ita kuwa ko a jikinta."

Matar ta sauke ƙwaryarta a hankali. Ta bi shi har teburin, ta juya wa gadon baya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Sannan ta miƙa babban yatsanta.

"Da kun faɗa mini tun farko," in ji ta. "Ɗan fari ne, bakina ba ya iya kiran sunansa."