Kwanar da Jirgin Babakura Ke Faɗuwa

Jirgin ya sake kifewa a kwanar nan.

Babakura ya ja tsaki. Shi da ya tsufa yana shimfiɗa layin dogo a reluwe, a ce ɗan jirgin wasa mai batir ya gagare shi? Ya miƙar da ƙarfen, ya ƙara ƙusa, ya gwada. Lafiya lau. Washegari kuma jirgin ya faɗi.

Alkawari ne ya yi wa ɗansa Tahir cewa zai haɗa masa jirgin da zai zagaye tsakar gida, kafin bam ya tashi da yaron a kasuwa. Tun daga ranar ya daina hira, ya daina fita in ba masallaci ba. Sai wannan aikin, a tsakar gidansu na unguwar Bolori.

Ran nan ya manta carbinsa, ya juyo daga hanyar masallaci. Sai ga matarsa Gumsu durƙushe, tana lanƙwasa layin da filaya.

"Gumsu! Ashe ke ce?"

Ko ɓoye filayar ba ta yi ba.

"Malam, na riga na rasa ɗaya. Ranar da jirgin nan ya gama zagayensa, me kuma zai tashe ka daga shimfiɗa?"